Doña Otilia da Iyayen Karatu

Doña Otilia Arreguín ba ta taɓa mallakar kuɗin yin biki ba, amma a unguwar bayan masana'antar kaji ba a tuna bikin da aka yi babu hannunta a ciki. Da rana tana tsaye a layi, cikin rigar leda da hular raga, tana raba cinyar kaza da ƙirji. Da yamma kuma tana raba wa mutane nauyin da ba su nema ba, su karɓa, har su raka ta bakin ƙofa suna godiya.

Al'adar kowa ya san ta. Idan yarinya ta cika sha biyar, ko za a ɗaura aure, ko za a yi wa jariri baftisma, mai gida ba ya ɗaukar biki shi kaɗai. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa. Wani ya zama uban kek, wata uwar riga, wani uban makaɗa, wata uwar furanni, har a gangaro kan uban ƙanƙara, wanda aikinsa ya kawo buhu daga gidan mai kafin lemo ya ɗumama. Namiji padrino, mace madrina. Wanda ya karɓa ya zama ɗan gida daga ranar. Za a kira shi kompadre ko komadre, a ambaci sunansa a lasifika, yarinya ta yi rawa da shi, kuma abin da ya ɗauka zai bi shi har kabari. Akwai dattijon da ya mutu ya bar gidajen haya a unguwar, amma abin da aka riƙa faɗa a wurin jana'izarsa shi ne, "Allah sarki, uban kujerun bikin Maribel."

Ilimin Doña Otilia shi ne sanin wa za a ɗora wa me. Takan san wanda aka ƙara wa albashi tun kafin matarsa ta sani. Ta san marowacin da ba zai ba da ko sisi don Allah ba, amma zai sayar da motarsa in ya ji maƙwabcinsa ya ɗauki makaɗa. Ranar Lahadi bayan coci take zuwa, da kwandon 'ya'yan itace. Ta ɗosana a bakin kujera, ta ɗora jaka a cinya, ta yi ta yabon labulen gida. Ba ta roƙo. Cewa take yi, "Mun zauna mun yi tunani, mun duba garin nan kaf, ba mu ga wanda ya cancanta ba sai kai." Wannan "mu" ɗin ita kaɗai ce.

A wani ƙauye na San Luis Potosí aka haife ta, inda ƙasa ke ba da ƙaya da duwatsu a kan kari, masara kuwa sai ta ga dama. Can ta auri Baudelio, can ta haifi 'yarta tilo, Yaretzi. Yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba suka ƙetare kogin iyaka zuwa Texas ba tare da takardu ba, tana goye a bayan uwa. Barci ta yi tun daga waccan gaɓa har wannan. Saboda haka babban laifin rayuwarta, wanda manyan lauyoyi za su zo su yi ta rubutu a kansa, ta aikata shi ne tana munshari.

Baudelio ya koma gida binne mahaifiyarsa lokacin Yaretzi na firamare, hanya ta rufe a bayansa. Tun daga nan yake mulkin gidan ta waya kowace Lahadi. Yakan ba da umarni da kakkausar murya, Otilia ta ce "To, mai gida," domin galibi abin da ya umarta an riga an yi shi tun Laraba.

Yaretzi ta girma tana Turanci ta hanci kamar kowa, tana dafa ƙirji ga tuta kowace safiya a makaranta, tana kawo sakamakon da uwar ke mannawa a jikin firji. Jihar tana da wata tsohuwar doka wadda ta ce yaron da ya tashi a nan, ya gama sakandare a nan, zai biya kuɗin kwaleji irin na 'yan gida ko da ba shi da takardun zama. Ta wannan ƙofa Yaretzi ta shiga karatun jinya a kwalejin gari na gaba. Da albashin kaji da cinikin tamale, ƙullin masara mai nama da take dafawa a ganye duk ƙarshen mako, aka riƙa lallaɓawa, zango bayan zango, har ya rage saura ɗaya.

Sai gwamnatin tarayya ta kai gwamnatin jiha ƙara a kan dokar. Doña Otilia ta ji a rediyon wurin aiki, ko gezau ba ta yi ba. Ta san kotu. Ɗan ƙanen babanta yana da shari'ar takardu da aka fara yana da baƙin gashi, yanzu ko farin ma babu. Ta ce wa ta kusa da ita a layi, kafin a gama wannan Yaretzi ta yi jikoki. Amma wanda aka kai ƙara ya miƙe ya ce mai ƙara ya yi gaskiya. Alƙali ya duba bai ga faɗan da zai raba ba, ya sa hannu, kowa ya tafi cin abinci. Ba a taɓa ganin shari'a mai ladabi irin wannan ba. Wasu lauyoyi suka taso daga baya suna cewa a saurari ɗaliban mana, tunda a kansu ake magana. Wannan ɓangaren ne ya koma tafiya irin ta kotun da Otilia ta sani.

Haka Yaretzi ta kwanta 'yar gida ta tashi ɗaliba daga ƙasar waje, a kan katifar da take kwana tun tana yarinya. Kuɗin zango ya ninka, ya sake ninkawa. Kwaleji ta ce wanda bai biya ba kafin a koma za a ba wani gurbinsa, kuma a sashen jinya masu jiran gurbi ba su da tausayi.

Otilia na naɗe tamale a kicin Yaretzi ta shigo ta jingina da firji.

"Mama, na yi magana da shugabar layinku. Ta ce akwai gurbi a wajen fuka-fuki."

"Fuka-fukin uban wa?"

"Na ɗan lokaci ne. In kotu ta gyara sai in koma."

"In kotu ta gyara. Ki je ki tambayi kawunki mai sanƙo yadda kotu ke gyarawa." Ta ɗaure wani tamale da ƙarfin da bai kamata ba. Ta jefa shi cikin tukunya. Can ta ce, "Wai ni kam, shi karatun nan, dunƙule yake ko yana yankuwa?"

"Kamar yaya?"

"Ina nufin guda ne, ko gaɓa-gaɓa ne kamar kaza?"

Yaretzi ta ce darussa ne, kowanne da kuɗinsa. Akwai na masu ciwon zuciya, akwai na haihuwa da jarirai, akwai na magunguna, akwai na jinyar tsofaffi, sannan akwai na masu taɓin hankali.

Otilia ta goge hannu a jikin zane. "To ai biki ne. Me ya hana ki faɗa tun farko, kika tsaya kina mini zancen fuka-fuki?"

"Mama, don Allah. Ba wanda ya taɓa zama uban darasi."

"Ba wanda ya taɓa zama uban ɗan jirgin ɗaukar hoto kafin bikin gidan Tovar. Yanzu har gaba ake yi a kansa. Miƙo mini kwandon can."

Da Don Anselmo bakanike ta fara. Gwauro ne mai gashin baki, wanda ya samu takardu tun afuwar da aka yi wa baƙi marasa takardu shekaru da yawa da suka wuce, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ta same shi a gareji. Babu labulen yabo, sai ta yabi yadda ya jera sifanu. Ta ce an zauna an yi tunani, an ga a garin nan kaf babu wanda ya san inji kamarsa, kuma mene ne zuciya in ba inji ba.

Don Anselmo ya murza gashin baki. "Uban zuciya," in ji shi, yana gwada sunan a baki. Ya yi masa daɗi. Amma ya ɗaga yatsa. "Komadre, kin san ƙa'ida. Uban kek yana ɗanɗana kek. Uban makaɗa yana jin waƙa ɗaya kafin ya biya. Ni ban taɓa sayen abin da ban buɗe bonet ɗinsa ba. A kawo mini malamin."

"Malamin ba ya zuwa gareji, kompadre."

"To ni zan je in zauna a ajin."

Yaretzi, wadda aka jawo ta don ta riƙe kwando, ta ga mutuncinta na shirin tafiya. Ta ciro abin sauraron ƙirji da na awon jini daga jaka, ta zaunar da shi a kan tsohuwar taya. Ta saurara, ta auna, ta sake aunawa.

"Don Anselmo, jininka ya hau. Soyayyar fatar aladen nan da kake karyawa da ita, ka bari. Ka je asibiti cikin makon nan."

"Ji 'yar nema! Zan biya kuɗi don a hana ni cin abinci?" Ya juya ga Otilia. "Haka take yi wa kowa?"

"Tun tana ƙarama."

"To kayan na da kyau," ya ce, fuska a murtuke. "Na ɗauka."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, domin Don Anselmo ya faɗa wa duk wanda ya kawo mota, da wanda ya wuce kawai. Daga nan aikin ya yi sauƙi, har ya so ya yi yawa. Doña Imelda mai gyaran gashi da Doña Delfina mai kantin kusa da ita, waɗanda bango ɗaya ya raba su kuma suke gode wa bangon, kowacce ta aiko cewa ita ce uwar darasin haihuwa. Imelda ta ce ta haifi shida. Delfina ta ce ita huɗu ta haifa amma nata duk sun ji magana. Otilia ta tara su a kicin ɗinta ta raba darasin gida biyu.

"Ke naƙuda, ke jego."

"Wanne ya fi girma?" in ji Delfina.

"In babu naƙuda babu jego," Otilia ta faɗa wa Imelda. Ta juya ga Delfina. "Amma jariri ake ɗauka hoto."

Darasin magunguna Melitón mai mashaya ya ɗauka, yana cewa shi ma ya daɗe a wannan fanni, takarda ce kawai ba a ba shi ba. Na tsofaffi kuwa ƙungiyar ƙwallon masu rufin gidaje ce ta haɗa hannu ta ɗauka. Kyaftin ɗinsu ya ce da irin aikinsu gwiwa da baya ba sa jiran shekaru, saboda haka gara su san mai juya su tun yanzu.

Sai dai kowanne yana da haƙƙi, kuma babu lasifika a karatu. Otilia ta riƙa biyan su da abin da ke akwai. Kujerun da kwaleji ke ba iyalin kowace ɗaliba a sahun gaba ranar yaye, ta raba. Rawar farko a walimar bayan yaye ta ba Don Anselmo. Suna a jikin kek ta ba Imelda da Delfina, harafi daidai da harafi. Hoton farko da rigar yaye na masu ƙwallo ne. Melitón zai yi jawabi, abin da kowa ya amince kuskure ne, amma ba yadda za a yi.

Ya rage darasin masu taɓin hankali. A nan kwandon Doña Otilia ya fara dawowa gida da 'ya'yan itacensa.

"Komadre, ina son yarinyar nan kamar ni na haife ta," in ji matar mai gidan burodi. "Amma so kike in shiga kasuwa ana cewa ga uwar hauka nan? Ina da 'yan mata a gida ba su yi aure ba."

Mai sayar da tsofaffin motoci ya ce a ba shi ƙashi, ko ido, ko ma hanji, zai ɗauka. Aka ce babu su a wannan zango. Ya ce to shi ma babu shi. Otilia ta gwada canza wa darasin suna. A gida ɗaya ta ce darasin ƙwaƙwalwa ne, a wani ta ce na kwanciyar rai. Amma unguwar ta riga ta sani, kuma an fara yi mata murmushi tun daga taga. Har wurin Fada, limamin cocinsu, ta je. Ya saurare ta da haƙuri, ya ce aljihun coci ta san yadda yake, kuma shi wannan darasin yana ɗaukarsa kyauta kowace Asabar a ɗakin furta zunubi.

Ta tambayi Yaretzi ko za a iya barin wannan ɗaya. Yaretzi ta ce ba a yaye mutum da saura. Ko duka, ko babu. Kuma ranar Litinin za a rufe.

Ranar Lahadi Baudelio ya kira kamar kullum. Ya saurari bayani, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ki je wurin Eulalia."

Wannan ne karo na farko cikin shekaru da ya umarci abin da ba a riga an yi ba. Otilia ta ce layin ba shi da kyau.

Eulalia yayar Baudelio ce. Ta auri ɗan ƙasa, ta binne shi cikin mutunci, ta gaji gidajen wanki na inji guda biyu. Rabon da su gaisa da Otilia tun wani ɗaurin aure da Eulalia ta sa ran za a ba ta rigar amarya, har ta fara duba yadi, sai Otilia ta zo da kwando ta naɗa ta uwar takardar goge baki. Otilia ta dage har yau cewa abin da ya rage ke nan. Unguwa kuwa ta san cewa mako guda kafin nan Eulalia ta ce a gaban mutane miyar mole ɗin Otilia tana ƙamshin kwalbar kanti. Eulalia ta karɓi muƙamin. Ta zo bikin da takardun goge baki masu sunanta da ruwan zinari, har aka ji kunyar goge baki da su. Amma suna ya riga ya kama. Yara ma da ba a haifa ba lokacin sun san ta da uwar goge-baki.

Otilia ta sa rigar coci, ta cika kwando fiye da na kowa, ta tafi ita kaɗai.

Eulalia ta buɗe ƙofa, ta dubi kwandon, ta dubi mai kwandon. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Sannu da gida, Yaya."

"Yaya kuma? Lallai abin ya kai. Shigo."

Otilia ta ɗosana a bakin kujera. Ta ɗaga ido za ta yabi labule.

"Bar labulen nan," in ji Eulalia. "Shi ne dai wanda kika yaba wancan karon."

Otilia ta gyara jaka a cinya. "Mun zauna mun yi tunani..."

"Ku wa?"

Otilia ta dubi kwandon. "Ni."

"Yauwa. Ci gaba."

"Na duba garin nan kaf..."

"Kin duba kam. Har mashaya kin duba. Har 'yan ƙwallo. Ni ce ta ƙarshe, Otilia, kuma abin da kowa ya ƙi kika kawo mini. Hali dai bai canza ba." Ta ɗauki lemon zaƙi daga kwandon ta shinshina. "Yarinyar 'yar ƙanena ce. Da kin zo tun farko da zuciya zan ɗauka, ba wancan mai baƙin farce ba."

"To yanzu fa?"

"Sunan bai dame ni ba. Wadda ta shekara da shekaru tana amsa uwar goge-baki, hauka ai ƙarin girma ne. Kuma a unguwar nan zan samu 'ya'ya da yawa. Abin da nake son ji, me za a ba ni? Kujerar gaba?"

"An raba."

"Rawar farko?"

"Anselmo."

"Kek?"

"Ya cika da suna. Amma akwai..."

"In kika ce takardar goge baki, sai na kira miki 'yan sanda, kuma kin san ba kya son ganinsu." Eulalia ta fara ɓare lemon a hankali. "Na ji an ce ranar da suke gamawa akwai wata 'yar lamba ta ƙarfe da ake maƙala musu a ƙirji. Wai kowace nas takan kira mutum ɗaya daga danginta ya hau dandamali ya maƙala mata, a gaban kowa."

An faɗa mata daidai. Wannan ne abu ɗaya da Otilia ba ta sa a kwando ba, kuma ba ta gaya wa kowa akwai shi ba. Ta riga ta sayi yadin rigar da za ta sa, yana ƙasan akwati. Takan gwada maƙala fil a jikin matashin kai in ba kowa a gida, domin hannun da ya saba da wuƙar kaji ba ya tafiya a hankali. Ita da ta yi rayuwarta tana tsara wanda za a kira a lasifika, ba a taɓa kiran nata sunan ba, kuma ba ta taɓa cewa komai ba, don ta san akwai wannan.

"Wa ya gaya miki?"

"Mutane na magana in suna jiran wanki ya bushe."

Otilia ta dubi labulen. A gaskiya mummuna ne, tun wancan karon ma. Ta tuna layin fuka-fuki, inda sanyi ya fi yawa kuma mata ke naɗe wuyan hannu da bandeji kafin su cika talatin.

"Hannunki na rawa, Eulalia. Za ki soke ta."

"Zan gwada a jikin matashi."

"A hagu ake sawa. Sama da aljihu kaɗan."

"Na ji."

"Kuma kada ki sa jar rigar nan taki. Ba bikinki ba ne."

"Ita zan sa," in ji Eulalia, ta miƙa mata rabin lemon.

Da ta koma gida Yaretzi na jira a bakin ƙofa. "Me Gwaggo ta ce?"

"Ta ɗauka."

"Haka kawai? Me kika ba ta?"

"Wani ɗan fil ne. Je ki goge kayanki."

Yaretzi ta roƙi iyayen karatunta, ɗaya bayan ɗaya, su tura kuɗin ta waya kamar yadda duniya ke yi. Ba wanda ya saurare ta. Uban biki da hannunsa yake miƙa abinsa, a gaban shaidu, in ba haka ba me ya raba shi da mai biyan kuɗin lantarki? Saboda haka ranar Litinin da safe aka yi ayari zuwa kwaleji cikin kayan coci, kowa da ambulan ɗinsa ɗaure da kintinkiri. Masu ƙwallo suka wakilta mai tsaron gidansu, shi kaɗai ke da takardu a cikinsu, ko da yake ba ya tare komai. Eulalia ta bar motarta ta shiga a-kori-kurar Don Anselmo, ta zauna a gaba ba tare da ta tambayi kowa ba. Otilia ta matsu a baya tsakanin Imelda da Delfina, ta zama bango.

A harabar kwaleji kowa ya sauka, ban da ita. Doña Otilia ba ta shiga ginin da ke da tuta a gabansa. Ba ta taɓa bayyana dalili ba, ba a kuma taɓa tambayarta ba. Ta ce za ta tsare mota. Da suka yi nisa ta zagayo ta zauna a gaba, inda ake ganin ofishin biyan kuɗi ta ƙofar gilashi.

Ba ta jin komai, amma ta san mutanenta. Ta ga Don Anselmo ya cire hula ya dafa ƙirji, ya fara yi wa matar bayan kanta jawabi. Ta ga matar ta dubi Yaretzi, Yaretzi ta dubi silin. Ta ga Imelda da Delfina sun miƙa ambulan a tare, kowacce ta ƙi sakin nata gefen. Ta ga matar na fama da kintinkiri har ta nemo almakashi, Delfina ta hana ta yankawa, ta kwance da kanta ta naɗe ta sa a jaka. Melitón ya fito da wata kwalba daga cikin kwat, mai gadi ya matso, kwalbar ta koma. Ɗaliban da ke kan layi a baya sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. A ƙarshe Eulalia ta tako gaba cikin takama, ta faɗi wani abu da ƙarfi tana nuna kanta, matar ta ɗan ja kujerarta baya.

Sai matar ta juya ga kwamfuta. Ta daɗe tana dannawa. Otilia ta riƙe jakarta da hannu biyu. Matar ta ɗago ta faɗi wani abu gajere, Yaretzi ta rufe baki da tafin hannu, sannan ta juyo ta dubi wajen motoci ta ɗaga hannu sama, kamar mai tsayar da bas.

Suka fito suna gardama. Don Anselmo ya ce wuri babba haka a ce babu lasifika. Imelda ta ce matar ba ta da tarbiyya, ko ruwa ba ta ba su ba. Mai tsaron gida ya ce shi dai an ɗauke shi hoto. Yaretzi ba ta cikinsu.

"Ina yarinyar?" in ji Otilia ta taga.

"An tura ta karɓo kayan asibiti," in ji Don Anselmo. "Sunanta na nan. Gobe za su fara, kuma da darasina za a fara, na tambaya."

Abin da yarinyar da ba ta da izinin aiki za ta yi da takardar jinya in ta karɓa, wannan wata shari'a ce daban, kuma ba irin mai saurin nan ba. Otilia ta san da haka. Ta ce wa Don Anselmo ya tayar da mota, tana da aikin rana.

Eulalia ta zagayo ta buɗe ƙofar gaba ta tsaya. "Tashi, wurina ne."

Otilia ta jawo bel ta ɗaura, ta gyara jaka a cinya. "Wannan ba ya cikin cinikin," ta ce. "Akwai wuri a baya, tsakanin naƙuda da jego."